Ƙarafan Inna da Wutar Surukinta

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da na rataya zanin gado a igiyar shanya a tsakar gidanmu na Dingaya, na zaunar da mahaifiyata a gefe ɗaya, mijina a ɗaya gefen, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Yarinyar da nake goyo a lokacin yau ta kusa kamo ni tsawo, amma ko yanzu na ji ƙaurin ƙwarya ta taɓa wuta, sai in ga zanin nan yana kaɗawa a gabana.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mai zanen ƙwarya ce, kuma da wuta take zanenta. Tana da wasu 'yan ƙarafa masu faɗin baki da ta gada wurin tata mahaifiyar, kowanne da ƙotar itace da ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumin hannu. Sai ta hura gawayi a kasko, ta cusa kawunan ƙarafan cikin garwashi, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ɗora ƙwarya a cinya. Wanda ya yi ja ta zaro shi ta ja layi, ta mayar, ta zaro wani. Duk da robobi da kwanukan zamani sun cika kasuwar Gwaram, uwar da ta san kanta a ƙauyukanmu sai ta sa ƙwaryar Inna ko guda ɗaya ce a jeren 'yarta. Ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarama, na zama malamar firamare, ban koyi ko jan layi ɗaya ba.

Maigidana injiniyan lantarki ne a Birnin Kudu, aikinsa haɗa sola a rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitocin ƙauye. Irin mutanen nan ne da in abu ya lalace a gida ba sa iya cin tuwo sai sun kwance shi. Mutumin kirki ne, wallahi, amma a lokacin zane bai dame shi ba ko kaɗan. In na dama masa fura a ƙwaryar da Inna ta zana mini, sai ya juya ta ya ce, "To Malama, furar ta fi daɗi ne don an ƙona bayan ƙwaryar?" Ita ma Inna ba ta ɗauki aikinsa da wani nauyi ba. In mata suka ce mata ta yi dacen suruki injiniya, sai ta ce, "Allah dai ya tsare shi da hawan rufin mutane." A ganinta iyakar aikin ke nan, a hau rufi a jona waya a sauko.

Su biyun kuma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Danginmu asalinsu masu shanu ne, kunyar suruki a wurinmu ba abin wasa ba ce. In mun je gida, tun daga bakin zaure zai tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan labule, su gaisa a gajarce, ya koma zaure ya zauna har mu tashi tafiya. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "mutumin Birnin Kudu" take ce masa. In ta hango shi a hanya ratsewa take yi ta bi ta bayan dangar mutane. Babu ƙiyayya ko ɗigo a ciki, girmamawa ce irin tamu.

A wata bazara tari ya kama Inna, numfashinta ya riƙa fita da ƙara. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti a Birnin Kudu. Likita ya duba ta, ya tambayi sana'arta, na gaya masa. Ya ce ƙirjinta ya gaji da hayaƙi, in ana son ta daɗe to a raba ta da shi, na girki da na gawayi duka. Girki bai zama matsala ba, autarmu ta karɓa. Zanen ne tashin hankalin. A lokacin Inna ta fara wani babban masaki na jeren autar tamu, wadda za a yi bikinta bayan kaka, ta kai rabi ke nan ciwon ya kwantar da ita. Ta naɗe ƙarafanta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado, ta kife masakin a kan randa. Tarin ya yi sauƙi, amma matar ta zama wata iri. Ba hira, ba tsokana, abinci sai an yi da gaske. Ta wuni tana kallon hannuwanta.

Ran nan ina makaranta autarmu ta kira ni tana kuka. Wai ta dawo daga ɗiban ruwa ta tarar da Inna a bayan rumbu, ta hura kasko a ɓoye, tari ya sarƙe ta har ta kife a ƙasa. Ban san lokacin da na bar aji ba. Na hau mota zuwa Gwaram, na hau babur zuwa Dingaya, na shiga gidan ko sallamar kirki ban yi ba.

Na ce, "Haba Inna! So kike ki kashe kanki? Baba ya tafi, ke ma so kike ki bi shi saboda ƙwarya?"

Tana kwance, ta dube ni ta ce, "Ke kina ganin zaman da nake yi rayuwa ce? Kowace 'ya a ƙauyen nan na yi mata masaki, sai tawa autar za ta shiga ɗaki da rabin zane?"

Ni Allah ya yi ni da zuciya, kuma taurin kan nan wurinta na gado shi. Na fita na ɗauki kaskon na juye garwashin, na ce da shi zan tafi. Ta yi 'yar dariya cikin tari ta ce ko a fasasshiyar tukunya ai ana hura wuta. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ta ce, "To, na ji. Na ba ki zuwa saukar ruwan farko. In kin samo mini dabarar da zan yi zanena ba hayaƙi, madalla. In ba ki samo ba, zan koma wa garwashina, abin da Allah ya rubuta ya same ni." Na san Inna, in ta faɗi magana ba ta sauya ta.

Da na koma Birnin Kudu na dire kaskon a gaban maigidana yana cin abinci. Na ce, "Kai da kake sa hasken rana ya ɗago ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ga aiki na kawo maka. Uwata za ta mutu a kan wannan." Ya ture kwano, ya ce in yi masa bayanin yadda take yi. Na ce ƙarfe take gasawa, ta ƙona layi a bayan ƙwarya. Ya ce, "Shi ke nan? Ai wannan mai sauƙi ne, ki kwantar da hankalinki."

Bai ɗauki lokaci ba ya haɗa wani abu mai kama da alƙalami, daga irin ƙarfen da yake narka dalma da shi in zai liƙe waya. Ya sa masa mariƙi mai kyau, ya haɗa da batir da ƙaramin faifan sola. Ya gwada a jikin katako, layi ya fito baƙi ƙirin, daidai wa daida daga farko har ƙarshe. Yana ta murna yana ce mini, "Kin gani? Zafinsa ba ya hawa ba ya sauka. Ba sai ta riƙa canja ƙarfe tana jira ba, ta huta da wannan wahalar." Ni ma na yi murna, har da guɗa.

Muka kai Dingaya. Inna ta shige ɗaki ta saki labule, shi ya hau rufi ya kafa faifan, ya ja waya, ya koma zaure abinsa. Na miƙa mata alƙalamin. Ta jujjuya shi, ta ɗauko sakaina ta ja layi ɗaya, ta duba. Ta ja na biyu. Sai ta ajiye a hankali ta ce, "Ki ce masa an gode, Allah ya yi albarka." Ni kuwa na san irin wannan godiyar. Na matsa mata, sai ta ce, "Layin nan matacce ne."

Na ruga zaure na ce, "Ta ce layin matacce ne."

Ya ce, "Matacce kamar yaya? Ya yi kauri ne, ko ya yi siriri?"

Na dawo na tambaye ta. Ta ce ba kauri ba ne, ba siranta ba ce, layin ne ba ya tafiya. Na koma na gaya masa. Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah. Layi kuma yana tafiya? Ina za shi?" Haka na wuni ina safa da marwa tsakanin zaure da tsakar gida, goyo a bayana, gumi yana keto mini, ina ɗauko magana daga nan in kai can ta isa a karye. Abin haushin, ni da na tashi a gindin matar nan ban iya faɗin abin da ya ɓace a layin ba. Ina ganin bambancin da idona, amma bakina ya kasa kama shi.

Ya tafi da abin ya goge bakinsa ya yi siriri, muka dawo, ta ce a'a. Ya rage zafin, muka dawo, ta ce wannan ma a'a. Ransa ya fara ɓaci. Ya ce mini, "Masu zanen nan haka suke, su kansu ba su san abin da suke so ba." Ita kuma ta ce, "Ki bar wahalar da bawan Allah. Mai jona waya ina ya san ƙwarya?" Ban kai wa kowa maganar ɗan'uwansa ba, na haɗiye su duka biyun. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ko da yake bai zubar ba tukuna.

Muna kan babur a hanyar komawa sai ya ce, "Ni fa tun da nake ban taɓa gyara abin da ban ga yadda yake aiki ba. Da zan ga hannunta sau ɗaya..." Bai ƙarasa ba, kunya ta kama shi. Ni kuwa maganar ta zauna mini daram. Ashe duk wahalar nan da muke sha, mutumin yana ƙera wa hannun da bai taɓa gani ba kayan aiki ne.

Na fara gwada hanya mai sauƙi, na ce wa Inna bari in ɗauke ta a waya tana zane in kai masa. Ta zaro ido ta ce, "Hotona a aljihun surukina? Allah ya kiyaye! Ashe bokon naki har ya kai nan?" Da na ce to ya zo ya zauna ya gani da idonsa, sai ta juya mini baya. Shi ma da na gaya masa cewa ya yi, "Ki rufa mini asiri, Malama. In zauna a gaban Inna in zuba mata ido? Da wace fuskar?"

Nan ne na ɗaure ɗamara. Na ce masa ba zan sake dafa masa ko ruwan shayi ba sai ya bi ni. Na je wurin Inna na zauna a bakin gadonta na yi kuka mai isata, na ce, "Inna, ni ban shirya zama marainiya gaba da baya ba. Kunya ba za ta cinye mini uwa ina kallo ba. Ba wanda zai ga fuskar wani, ni na ɗauki alkawari. Hannunki kawai zai gani." Daga ƙarshe ta ce, "Kada ya yi mini magana. Ni ma ba zan yi masa ba. Duk abin da za a faɗa ya bi ta bakinki."

Da hantsi na ɗauko zanin gado mai kauri na rataya a igiyar shanya, na naɗe ƙasansa ya tsaya daidai tsayin turmi. Inna ta zauna a bayansa ta lulluɓe ƙafafunta, ta yadda fuskarta da ƙirjinta suna ɓoye, cinyarta da hannuwanta suna waje. Na sa kaskon, wanda na dawo da shi, a ɓangarenmu, na tsaya a kansa da mafici ina kore hayaƙin gawayin nesa da ita. Maigidana ya shigo ba takalmi, kansa a sunkuye kamar wanda aka kawo gaban alƙali, ya zauna a gefen tabarma. Na miƙa mata sakaina ta gwada, ta ture ta ce ita ba ta zanen ƙarya, a ba ta masakin.

Ta zaro ƙarfe ya yi jawur, ta ɗora. Ya yi ƙara, ya ci ƙwaryar, layin ya fara baƙi mai zurfi. Ba ta ɗaga ba, ta ci gaba da ja tana juya masakin da hannun hagu. Ƙarfen yana hucewa layin yana komawa ruwan ƙasa, yana sirancewa. Da ya kusa sanyi sai ta kwantar da shi a gefensa, ta shafa sauran ɗumin a cikin zanen, wurin ya yi launin soyayyiyar gyaɗa. Ƙarfe ɗaya, ja ɗaya, launi ya fito kala-kala. Ta mayar da shi wuta, ta zaro wani, ta sake.

Na dubi maigidana. Kunyar nan duk ta tafi, ya miƙo wuya, bakinsa a buɗe. Ya ce da ni a hankali, "Ki tambayi Inna, hucewar ƙarfen ba ta dame ta ba?"

Kafin in buɗe baki muryarta ta fito daga bayan zani, "Ki ce masa da hucewar nake zanen. Ƙarfen da ba ya hucewa me zan yi da shi?"

Ya dafe kai ya ce, "Kai! Ashe abin da na zauna na kashe da hannuna, shi ne abin da take nema." Ni ma sai a ranar na gane abin da nake kallo tun ina rarrafe.

Amma bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da kallo, sai na ga ya daina duban layin, ya koma duban sama da shi. Ashe duk lokacin da ƙarfe ya taɓa ƙwarya, wani siririn hayaƙi yana tashi ya shige ƙarƙashin zanin, daidai inda hancinta yake, sai ka ji ta yi ɗan tari. Ya ce, "Ki gaya wa Inna, da gawayi kaɗai muke ta faɗa, alhali hayaƙin ƙwaryar ma ƙirjinta yake shiga. Ko da abin da na haɗa ya yi mata, da ciwon bai bar ta ba."

Inna ta ce, "Ki ce masa wannan ɗan hayaƙin ba ya komai. Tun ina budurwa nake shaƙarsa."

Bai yi musu ba. Ya zaro farin hankicinsa ya ba ni, ya ce in riƙe shi a saman masakin ta ci gaba da aiki. Kafin ta gama fure ɗaya, tsakiyar hankicin ya yi rawaya ya fara komawa baƙi. Na tura mata ta ƙarƙashin zanin. Ta ɗauka ta duba, sai muka ji ta ce, "To fa." Wanda ya san Inna ya san wannan "to fa" ɗin ba ƙaramar sallamawa ba ce.

Maigidana ya gyara zama ya ce, "Na gane yanzu. Ba ƙarfen zan canja ba, wutar zan canja. Ƙarafanta suna nan yadda suke, ni dai in samo musu inda za su yi ja ba gawayi, in kuma janye hayaƙin ƙwaryar daga fuskarta." Ya ce yana buƙatar abin da zai naɗa wayar zafi a jikinsa wanda wuta ba za ta fasa ba, mai ramuka daidai bakin ƙarafan. Inna ta ce in gaya masa yumɓun bakin rafi in aka haɗa shi da garin tsohuwar tukunya ba ya tsagewa, ita za ta gina da hannunta, ya faɗi girman kawai. Ya zana mata a ƙasa da tsinke. Sannan ya roƙi a ba shi aron ƙarfe ɗaya ya tafi da shi don gwaji. Ƙarafan nan kuwa ko mu 'ya'yanta ba ma taɓa su. Hannun Inna ya tsaya a kansu na ɗan lokaci, sannan ta zaɓi ɗaya ta turo ta ƙarƙashin zanin. Ya tashi ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Ina! Wayar farko da ya naɗa irin ta rishon lantarki ce, ta tsinke tun kafin ƙarfen ya yi ɗumi. Ya sake wata, ƙarfen ya yi zafi amma ya ƙi yin ja. Ya ce ƙarfin batirin ne bai kai ba, ya kwance na gidanmu ya haɗa, muka koma kwana ba fanka a tsakiyar zafin bazara, yara suna kuka ni ina mita. Ramukan da Inna ta fara ginawa suka yi faɗi, zafi yana gudu, na mayar mata ta sake wasu. Mutumin nan ya rame. Ya dawo daga aiki ko hutawa ba ya yi sai ya shige shagonsa, yatsunsa duk tabon ƙuna. In na ce ya huta sai ya ce, "Uwarki ta ba ni ƙarfen uwarta, ki bar ni."

Ana cikin haka ruwa ya sauka, mai yawa kuwa, kuma aikin bai gama ba. Kowa yana murna yana shirin shuka, ni kuwa wa'adin da Inna ta ba ni nake tunawa. Washegari na kama hanya, babur yana zamewa a taɓo, ina ta addu'a kada in tarar da abin da nake tsoro. Na shiga na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, ba kasko ba garwashi. Ta dube ni ta ce, "Na san abin da ya kawo ki. Ruwa ya sauka, ban manta ba. Amma mutumin da ya karɓi ƙarfen uwata da hannu biyu, zan jira shi." Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ta ce in tashi in taya ta tsintar wake in ba ni da aikin yi.

Gero ya fara tasawa lokacin da muka dawo da kayan. Na sake rataya zanin. Ya ajiye 'yar tukunyar yumɓun da Inna ta gina, wayarsa a naɗe a cikinta, ya jona. Ya kafa wata 'yar fanka da ya ciro daga tsohuwar kwamfuta a bakin bututu, ta yadda za ta zuƙe hayaƙin ƙwaryar ta fitar da shi can bayan danga. A gefe akwai abin murɗawa na ƙara zafi ko rage shi, yana hannunsa. Inna ta cusa ƙarafanta a ramukan. Muka zuba ido. Ba hayaƙi, ba toka, ba fifita, sai ga bakin ƙarfe ya yi jawur.

Ta zaro ta ɗora a kan masakin. Ashe zafin ya zarce na garwashi, ƙarfen ya nutse fiye da yadda ta saba. Sai kawai muka ji ta ɗaga murya, "A'a, rage, rage ɗana, zai huda mini!"

Ya murɗa da sauri ya ce, "To Inna, haka?"

Ta gwada wani ƙarfen ta ce, "Ya yi sanyi kuma. Ƙara kaɗan. Ƙara. Yauwa, tsaya nan, kada ka motsa shi."

"Hayaƙin fa, Inna, yana zuwa miki?"

"Ko ɗaya. Matso da bututun nan hagu, yana tare mini haske."

Ni ina tsaye da mafici a hannu, ba aikin yi, an sallame ni daga tafinta ba tare da sanarwa ba. Layi ya fito, baƙi a farko, ruwan ƙasa a tsakiya, ya siranta ya ɓace yadda ta saba, kuma ko tari ɗaya ba ta yi ba. Sai a lokacin su biyun suka farga da abin da suka yi. Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma. Na ga zanin yana rawa, ashe dariya Inna take ƙunshewa. Can ta gyara murya ta ce, "Ke kuma me kika tsaya kallo? Ki ce masa ya yi."

Inna ta gama masakin tun kafin a yanke gero. Ranar jere mata suka taru a kansa, suna nuna wani zane da ba su taɓa gani a aikinta ba, wani layi da ya naɗe ya zagaye bakin masakin gaba ɗaya. Suka tambaye ta sunansa, ta ce wayar mutumin Birnin Kudu ce. Ta kuma ba ni wani ɗan ƙoƙo mai irin zanen in kai masa. Tun daga ranar bai sake shan fura a wani abu ba. Ni kuwa ba na barin bashin tsokana, na ce, "To Injiniya, furar ta fi daɗi ne don an ƙona bayan ƙoƙon?" Ya juya shi a hannunsa, bai yi dariya ba, ya ce, "Ta fi."

Inna ta ƙara shekaru masu albarka tana zanenta, har 'yan mata biyu na maƙwabta suka koya a wurinta, tunda yanzu ba hayaƙin da zai kore su. Ita da surukinta suka koma yadda suke, gaisuwa daga bayan labule, har ta rasu ba su haɗa ido ba. Bayan an yi sadakar uku autarmu ta fito da tsumman nan daga ƙarƙashin gado, ta ce Inna ta bar wasiyya, a raba ƙarafan ga 'yan matan da ta koyar, amma ɗaya, wanda ya taɓa zuwa Birnin Kudu, a mayar wa mai shi. Na kai wa maigidana a zaure. Ya karɓa da hannu biyu kamar ranar farko, ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, mai zane da mai ƙira kowannensu rabin aiki ne a hannunsa, kuma kowanne yana ganin nasa rabin ne duka. Da an bar Inna ita kaɗai, da zanenta ya kashe ta. Da an bar maigidana shi kaɗai, da ya cece ta ya kashe zanen. Ba su fara amfanar juna ba sai da kowanne ya zauna ya dubi aikin ɗan'uwansa da idon girmamawa. Shi ya sa har gobe, in na ji wani a makarantarmu ya ce wa yaro ya bar zane ya kama lissafi, ko ya ce mai lissafi ba shi da fasaha, ba na yin shiru. Ni na tsaya a tsakanin su biyun da goyo a bayana, kuma na san da ɗaya ya rasa ɗaya, da na rasa uwata tun a waccan daminar.